Rezar Mushe Isuhu

Duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Matameye ya san Kawuna Isuhu, da ake ce wa Mushe kamar kowane malamin lakwal, ba ya rabuwa da reza a cikin hularsa. Ba don farce ba ne, don ƙamus ne. Littafi na isowa zai zaunar da shi a cinya, ya bi shi shafi-shafi, duk inda ya ga kalmar zagi ko ta batsa ya fafe ta. Ƙamus ɗin faransancinmu kaf tagogi ne!

Matsalar ita ce takarda baya gare ta. Wata rana wani ɗalibi ya ce, "Mushe, an yanke sunan tukunya."

"Je ka tambayi innarka, ta fi ƙamus sanin tukunya."

Guntayen nan kuwa ba ya zubar da su, kada yara su tsinta. Ba ya ƙona su, wai hayaƙin ashar in ya hau sama hadari yake kora. Rami yake haƙawa bayan aji ya binne su da rana tsaka. Ni dai dariya nake masa, amma wallahi ban taɓa ganin ciyawa ta fito a wurin ba, kuma awaki kewaye shi suke yi.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, gero ya ƙone a tsaye, aka kawo mana kwamfutoci. Lokacin ina koyarwa tare da shi. Wata yarinya, Rabi, ta nemi injin ya ba ta kalmomi masu ma'anar "mace". Ya jero mata, har da wadda ba ta faɗuwa. Ta kwafe abinta a kaye, littafin rubutunta, ta kai gida.

Washegari sai ga babanta Alhaji Sani da iyaye a bayansa.

"Mushe, ana roƙon ruwa, ku kuna koya wa 'ya'yanmu ashar? Daga ranar kasuwa babu 'ya macen da za ta sake tako nan!"

"Alhaji, ka ba ni zuwa ranar."

Suna fita ya zaro reza ya nufi gilashin kwamfutar. Da ƙyar na riƙe hannunsa! Mai gyara ya zo daga Damagaram, ya ce akwai inda ake rubuta wa injin kalmomin da ba a so, amma sai mutum ya buga su ɗaya bayan ɗaya. Na ce zan yi.

"Ke? Nawa kika sani?"

"Kamar biyar, Kawu."

"Ashe ma kin san biyar! Fita."

Ya rufe ƙofa. Mutumin da ko jaki bai taɓa zagi ba, ashe shekara talatin yana haddace abin da yake yankewa. Kwana uku muna jiyo shi ta taga: ƙwas, ƙwas, astagfirullah, ƙwas. Lakwal ta yi tsit, yara suka daina wasa a tsakar fili ba wanda ya hana su. Na leƙa sau ɗaya, na ga fuskarsa a hasken gilashin, leɓunansa suna motsi ba sauti. Tsigar jikina ta tashi, na gudu. Da yatsan hagu ya yi aikin duka, wai shi ya saba da ƙazanta.

Ranar kasuwa Alhaji ya zo, ya sa Rabi ta sake tambayar injin. Babu komai sai kalmomin kirki. Ya bar ta a lakwal, sauran iyaye ma suka bar nasu.

Kawu dai bai koma daidai ba. Kafin damina zazzaɓi ya kwantar da shi, ya kama hannuna.

"Hadiza, kalmomin nan sun farka a kaina, ina jin su. Ina tsoron su riga shahada fita. In na fara sambatu, ki fitar da yara."

Ranar da jikin ya yi tsanani 'yan matan ajin suka zo dubiya, suka cika ɗakin. Ya fara sambatu. Na miƙe zan kore su, sai na ji abin da yake faɗa. Sunayensu yake kira ɗaya bayan ɗaya kamar a aji, su kuma suna amsawa cikin kuka. Da ya kai ta ƙarshe ya yi shahada.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Abin da ka ɗauka don kada su ɗauka, Allah ya sauke maka shi, ya sa ka huta.