Kular da Na Kai Dapaong

Asuba ta yi mini a tashar Sokodé, rungume da kula. Shekara tara ina binciken ƙwayoyin cuta a jami'a, amma har yau goggona cewa take aikina leƙen datti da madubi. Wata ungozoma, Hajiya Rabi, ce ta kira ni: jarirai na ta zazzaɓi a ɗakin haihuwarsu da ke Dapaong, an rasa ta inda cutar ke shiga.

Sokodé zuwa Dapaong

Motar da aka rantse za ta tashi ƙarfe biyar ta tashi bakwai. Direba ya dubi kulata ya ce, "Madam, biki ne? A ajiye mini nama." A garin Kara muka ci wake da shinkafa da cukun wagashi, tsaye, direba yana ta danna mana oda kamar mu muka makarar da shi. Da la'asar muka isa.

Dapaong

Gidan Hajiya Rabi na sauka. Washegari na bi famfo, gadaje da hannayen ma'aikata da auduga, kowace na rufe ta a kwalbarta cikin ƙanƙara. Famfon wanke hannu na fi zargi. "Ɗiyata, ki yi sauri," in ji Hajiya. "Jarirai biyu na kwance."

Komowa

Direban nan dai na sake samu. Na yi masa bayani dalla-dalla: ƙwayoyin cuta ne a ciki, in ƙanƙara ta narke aikin ya lalace. Ya gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki.

Bayan Tandjouaré wani jandarma, wanda direba ke kira shef, ya tare mu. "Mene cikin kula?"

Kafin in buɗe baki direba ya ce, "Na madam ne, shef. Ƙwaya ne."

Kalmar "cuta" ya baro a Dapaong, don kada kaya su yi mana nauyi. Nan take na zama dillaliyar ƙwaya. Aka sauke kula a tsakiyar rana, aka buɗe. Na nuna takardar jami'a, ya riƙe ta a juye. Sai ya zaro kwalba ɗaya, ya shinshina, ya ɗora audugar a harshe, wai shi gwani ne.

"Ranka ya daɗe," na ce, "daga famfon asibiti na shafo ta."

Ban taɓa ganin hukuma ta sallami mai laifi da sauri haka ba. Sai dai ƙanƙarar ta riga ta zama ruwa.

Gida

Na iso Sokodé lafiya, alhamdu lillahi. Kwalbar famfon ta tsiro da ƙwayoyi iri-iri, amma ba mai iya cewa wanne na famfo ne, wanne na bakin shef. Raina ya ɓaci har na yi kuka.

Ina godiya ga direba da ya taƙaita mini bayani, da jandarman da ya ba kimiyya gudummawar miyau. Hajiya Rabi ta bugo ɗazu tana tambayar sakamako. Ta ce yanzu jariran uku ne.