Ruwan Durom a Gorar Masu Bincike

Malam Iro ne ya raba ni da makaranta, da ƙarya ya raba ni da ita, kuma har yau ban yafe ba. Ranar wata Laraba, a daminar da nake aji biyar a firamaren ƙauyenmu da ke gefen Ƙarfi, ya fito da ni gaban layi ya ce ni na ɓata wa baƙi aiki.

Farkon daminar nan ne wasu masu bincike suka zo da mota, suka kafa sanda a fili bayan ajujuwa, nesa da bishiya, nesa da rufin kwano. A kan sandar mazurari ne mai 'yar raga, ƙarƙashinsa gorar roba. Babbarsu, wadda muke kira Madam Saratu, ta ce ruwan sama ba shi kaɗai yake saukowa ba, yana wanko hayaƙin ƙone-ƙonen gona da ƙurar injinan gurzar auduga na Funtua, wani abin taki ne ga ƙasa, wani kuma cuta. Shi suke so su auna. Ni aka damƙa wa aikin saboda rubutuna yana karantuwa. "Kada yatsa ya taɓa ciki, kada a ƙara ko ɗigo," in ji ta.

Aikin nan ya hana ni sakat. Da hadari ya haɗu sai in kasa zama. Da an ɗauke ruwa, ko ina yankan ciyawar awaki ne, sai in yar da lauje in ruga. Sa'o'ina suna langa a cikin taɓo, ni ina kwance gora, in toshe ta, in rubuta rana, in duba ko tsuntsu ya yi kashi a mazurari, in ɗauraye shi da ruwan da suka bar mana. A raina har na gama sakandare, na shiga motar nan tasu.

Sai ruwa ya ɗauke kusan mako biyu, aka dawo da ɗan yayyafi. Abin da gora ta tara bai kai rabin kofin shayi ba. Na kai wa Malam Iro, don shi ke ajiyewa. Ya karkata ta, ya yi tsaki. "Mutane su taso daga nesa mu miƙa musu wannan? Ai abin kunya ne." A kan idona ya ɗebo daga durom ɗin da ke ƙarƙashin indararo ya cika ta taf. Na ce, "Malam, Madam ta hana." Ya ce, "Ruwan sama duk ɗaya ne, rufe mini baki."

Da baƙin suka auna, sai ga tsatsa da kashin tattabaru da toka. Suka dawo suka cire sandarsu, suka kai wata makarantar. Hedimasta ya tambayi ba'asi, Malam Iro ya ce yaro ne ya zubar garin wasa ya cika da ruwan banza. Na buɗe baki, aka ce har musu zan yi da malami. Bulala goma sha biyu na sha. Babana, wanda dama bokon bai kwanta masa ba, ya ce ba zai ajiye maha'inci a aji ba, ya miƙo mini fartanya.

Yanzu keke mai ƙafa uku nake ja a Funtua, ina shaƙar hayaƙin da a da nake tarawa a gora. In aka fara maganar gurɓatar iska a rediyo kashewa nake yi.

Bara na ga Malam Iro a wajen ɗaurin aure a Malumfashi, ya tsufa, ana ta durƙusa masa. Na durƙusa ni ma. Ya ce, "Ɗan nan, kamar na san ka."

Na ce, "Sabi'u ne, Malam. Kai ka ɗebo ruwan durom, ni aka daka. Ban zo neman komai a wurinka ba. Babana ya rasu yana ganin ni maƙaryaci ne. Shi ba ni da halin gaya masa gaskiya, shi ya sa nake gaya maka gaban mutane."