Jaridun da suka zo cikin kayan sukari

Shekarar da soja suka karɓi mulki, fari ya riga ya cinye dabbobin Abzin. Na gama lakwal, wato makarantar boko, ke nan, ban sami aiki ba, sai nake taya mahaifina zama a butikinsa na sukari da ganyen shayi a kasuwar Agadas. Jarida ɗaya ce ke zuwa daga Yamai, ta gwamnati, ita ma sai ta kwana biyu a hanya.

Wata rana kamiyo, babbar motar kaya, ya sauke mana kan sukari, manyan curi-curi, a akwatunan katako, an cusa tsofaffin jaridun Faransanci a tsakani don kada su farfashe. Baba ya ce in yayyanka su mu riƙa ƙunshe shayi. Ina yanka ina karantawa, har na faɗa kan labarin wani tsibiri can tsakiyar teku. A da yana da sarkinsa, arzikinsa duk rake ne. Mutanensa har jaridu suke bugawa da harshensu, suna faɗin jirgin da ya iso da wanda ya tashi da sukari.

Lokacin akwai abokin Baba, wani dattijo mai garka, wato lambu, a Timiya can cikin duwatsun Abzin, da ke wuni wurinmu. Rijiyarsa ta ƙafe, bijimin da ke ja masa ruwa ya mutu, ya sauko gari da iyalinsa. Ba ya yawan magana. Ranar ya ce, "Ɗiyata, me ke cikin takardar nan da ya hana ki aiki?"

Na fassara masa. Kashegari ya tambayi saura. Shafukan a yage suke, sai na bi akwatunan ina haɗa su. A ɗaya aka ce wata shekara ruwa ya ƙi sauka a tsibirin, rake ya bushe a tsaye, jirage suka koma wayam.

Dattijon ya ajiye kofin shayinsa. "Ruwa ya kewaye su, kuma su yi fari?"

Na ce, "Na gishiri ne, Baba."

Ya yi dariya, karon farko da na ga haƙoransa. "To, me suka yi?"

"Sun haƙa hanya, sun jawo ruwa daga duwatsu."

"Mu ma ai duwatsun gare mu," in ji shi.

Ba zan ce jarida ce ta mayar da shi gida ba, don dama zaman gari ya ishe shi. Amma bai jima ba ya tafi da ƴaƴansa maza, suka ƙara wa rijiyar zurfi, suna jan guga da hannu. Matarsa ta zauna gidanmu har damina ta faɗi. Da ya zo ɗaukar ta, ya kawo mana albasa da ɗan tumatir a buhu, ya ce itatuwan rumman uku sun rayu.