Ƙasar da Baba Yake Ba Ruwa

Gidanmu na unguwar Sintali a Jalingo a kan laka yake zaune, baƙar laka mai danƙo da take kama takalmi da damina ta ƙi saki. Da rani kuma sai ta bushe ta dare. Ina yarinya nakan tura tsinken tsintsiya cikin tsagar ƙasa in ga ya shige duka bai taɓo ƙarshe ba, sai in riƙa raya wa kaina cewa akwai wani gari a can ƙasa, da mutanensa, kuma dukansu ƙishi suke ji.

Babanmu malamin firamare ne, shi ya gina gidan ɗaki bayan ɗaki tun kafin a haife ni. Yana da wata al'ada da ban taɓa gani a gidan kowa ba. Daga ranar da ruwan sama ya ɗauke har ranar da ya dawo, ba a zubar da ruwan wanki ko na wanke-wanke a kwata. Tara shi ake yi a wani tsohon duro. Da yamma sai a ɗiba da bokiti a bi gindin bango ana zubawa a hankali cikin wani siririn rami da ya haƙa ya kewaye ɗakuna, ya cika shi da tsakuwa. Ciki da waje ake bi, har ta lungun bayan gida. Yakan ce lakar nan in ta bushe tsukewa take yi ta ja gini ƙasa, in ta sha ruwa da yawa ta kumbura ta ɗaga shi sama, saboda haka kada a bar ta ta ƙoshi, kada kuma a bar ta da ƙishi.

Wata maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai ba ta gajiya da tsokanarsa. "Malam, yaushe bangon nan zai yi 'ya'ya?"

"In ya yi ke zan fara kawo wa," in ji shi, "ki ɗanɗana mana ko da ɗaci."

Ni ce auta, don haka ni ce mai bokiti. Na tsani aikin. Ruwan yana warin sabulu da miyar jiya, yana fallatsa mini a ƙafa, sa'annina kuma suna wucewa suna kallona.

Da Baba ya rasu ina shekara ta biyu a jami'a, daga gida nake zuwa. Mama ta so ta ci gaba da al'adar, amma gwiwarta ta hana, sai aikin ya dawo kaina ni kaɗai. Ina yin na cikin gida inda take ganina. Na lungu kuwa sau da yawa nakan tsaya a bayan ɗaki in ɗan jima, in juye ruwan wuri guda, in dawo in ce na gama. Kafin ranin ya ƙare daɓen baranda ya tsage gida uku, wata siririyar tsaga kuma ta fito a kusurwar ɗakin Mama.

Babban yayanmu a Abuja yake aiki. Tun ranar jana'iza yake so ya tafi da Mama can, ita kuma ta ƙi. Da ya zo ya ga tsagar sai maganar ta dawo sabuwa.

"Mama, gidan nan ya gaji. Ki zo mu tafi, ga ɗaki na jiran ki."

"Ni ba na zuwa in zauna a saman bene kamar tantabara. Wa zan gaisa da shi? Wa zai ji yarenmu a can?"

Suka yi ta ja har suka tsaya a kan magana ɗaya. Zai gyara gidan. In ya gyaru, ta zauna, ba zai sake tayar da zancen ba. In kuma ya ga ɗakin ba zai zaunu ba, za ta bi shi ba musu. Mama ta yarda da sauri, don ba ta taɓa tunanin ɗakin da mijinta ya gina zai ba ta kunya ba.

Saura mako biyu a yi sujadar addu'ar cika shekara da rasuwar Baba, dangi za su zo daga ƙauyenmu na wajen Lau, ga mutanen coci. Yaya yana so kafin ranar a fasa tsohon daɓen, a zuba kankare a tsakar gida gaba ɗaya, daga bango zuwa bango, yadda yake gani a gidajen abokansa. Mama ta sa aka kira wani tsohon birkila, Bazazzagi, wanda ya taya Baba ginin ɗakunan farko.

Tsohon ya zo da digarsa. Bai kalli tsagar ba sosai. Ya sari ƙasa, ya ɗauko dunƙule, ya jiƙa shi da ruwan buta, ya murza tsakanin tafukansa har ya zama doguwar igiya mai sheƙi. Ya miƙa wa Yaya.

"Ranka ya daɗe, ka ga wannan? Tukunya ake yi da ita. Ba a ɗora mata kankare haka kawai. Sai an kwashe ta kamar zurfin gwiwa, a zubo marmara, jar ƙasar nan mai tsakuwa, a daddaɓe, a bari damina guda ta bi ta kai. Sannan a zuba gida-gida, a bar ɗan tsakani da bango, a karkata shi wajen ƙofar gida. Ramin nan na Malam kuma kada a taɓa shi."

"Damina guda? Baba, mako biyu nake da shi."

"To ka shimfiɗa tabarmi. Baƙin nan addu'a za su zo yi, ba duba daɓe ba."

"Rodi zan sa, manya. Siminti ba zan yi masa rowa ba."

"Ko dogo na jirgin ƙasa ka sa, ƙasar nan ta fi shi haƙuri. Yanzu a tsuke take. Ka rufe ta tana jin ƙishi, ranar da ruwa ya same ta za ta miƙe da duk abin da ke kanta."

Yaya ya yi dariya, ya ce zamani ya wuce nan. Sai tsohon ya juyo wajena.

"Auta, ke kika yi ta bin Malam da bokiti, ke ce kuma mai karatu. Faɗa wa yayanki."

Ina da abin faɗa. Na san bayanin Baba kamar addu'ar safe, na kuma san abin da ya sa tsagar ta fito a wannan shekarar ba a waɗanda suka wuce ba. Yaya yana jin maganata fiye da ta kowa a gidan. Amma a lokacin abin da nake gani a raina shi ne tsakar gida sumul, fari tas, babu caɓi, babu duro, babu bokiti har abada. Na sunkuyar da kai na ce, "Yaya ya fi ni sani."

Tsohon ya wanke hannunsa da sauran ruwan butar, ya yi wa Mama sallama, ya ce a nemi wani, shi ba zai sa hannu ba.

Aka kawo wani ɗan kwangila da injin kwaɓa siminti da tifa biyu na yashi da tsakuwa. Kwana uku suka gama. Suka zuba kankare kai tsaye a kan busasshiyar laka, suka manne shi da bango ta ko'ina, ramin Baba ya shige ƙarƙashi. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau. Ranar sujada mata suka yi ta yaba Yaya, ana cewa Malam ya bar ɗa. Da yamma bayan an watse na cire takalmi na yi ta yawo a kai, ɗumin rana yana ratsa tafin ƙafata, ina jin kamar mun koma wani gida na mutanen kirki.

Ruwan farko bai yi komai ba, na biyu ma haka. Cikin watan Yuli, wata rana da azahar muna tsince shinkafa, sai muka ji ƙara kamar an fasa ƙaton itace. Tsaga ta ratsa tsakar gidan daga wajen rijiya zuwa madafa. Cikin 'yan makonni tsakiyar daɓen ya taso kamar burodi, gefensa ya karkata wajen ɗakin Mama. Duk ruwan da ya sauko daga kwanon rufi sai ya gangara ya kwanta a gindin bangonta. Ana ruwa muna waje da tsintsiya muna kore shi, ni da tsohuwa mai ciwon gwiwa, yana dawowa.

Da rani ya shigo, ƙasar lungu ta bushe ƙamas, ta ciki kuwa tana nan jiƙe a ƙarƙashin kankare. Bango ɗaya, rabinsa ana ja ƙasa, rabinsa ana tura sama. Tsagar kusurwa ta buɗe ta hau a karkace har bakin taga. Da safe hasken rana yakan shigo ta ciki ya kwanta a kan gadon Mama, siriri kamar zare. Ta cusa tsummoki, ta rataya kalandar coci a kai, ta ce kada in kuskura in gaya wa Yaya. In ya kira sai ta ce, "Gida lafiya lau, daɓenka yana nan kamar jiya aka yi."

Na je na samo tsohon birkilan a wata rumfa kusa da Kasuwar Jalingo. Ya biyo ni bai tambayi komai ba. Ya sa hannunsa cikin tsagar har wuyan hannu, ya daɗe yana kallon sama inda katakon rufi ya fara barin bango.

"Mama, kada damina ta same ki a ɗakin nan," ya ce. "Harsashin ya karye. Wannan ba na faci ba ne."

Da ya ce mini ga abin da ya faɗa tun farko, da na ji sauƙi. Bai ce ba. Ya tambaye ni karatu, ya tafi.

Yaya ya zo Kirsimeti, ya ɗaga kalandar da kansa. Na jira in ji ya ambaci kankaren. Abin da ya ce shi ne, "Ai dama tsohon gini ne, na faɗa." Sannan ya tuna wa Mama alkawarinta. Ba ta yi musu ba. Ta raba tukwanenta ga maƙwabta, ta ba mai ƙosai kajinta, ta shiga mota da jaka biyu.

Yanzu tana hawa na uku a wani gida da ba ta san sunan maƙwabcinta ba. Ni ina zaune wajen ƙanwar Baba har in gama karatu. Duk ranar Lahadi Mama takan kira ta ce in an gyara ɗakin in gaya mata da wuri, tana so ta dawo kafin shukar gyaɗa.

An rushe ɗakin tun watan Fabrairu, cikin safiya ɗaya. Yaya zai gina ɗakunan haya a wurin. Ya ce kada in gaya mata tukuna, hawan jininta zai tashi, shi zai san lokacin da ya dace. Ranar Lahadin da ta wuce ta sake tambayata ina aka kwana. Na ce ana kan aiki.