Ni Ce Tungar Kaiwa

Ranar Laraba ta ƙarshe a zangon karatu na uku, shekarar da nake aji biyar na firamare, aka jera mu ƙarƙashin dalbejiyoyin makarantarmu da ke Wara. An yi ruwa da asuba, takalman robarmu duk sun sha laka. Malam Bawa, mai makarantar, ya hau dandamali hannunsa wayam, ya fara kiran suna, amma ba sunayenmu ba. "Gungun Marke!" Wani yaro ya amsa, "Ina nan." "Tungar Dorina!" Wata ta ce, "Ina nan." Garuruwa ne da ruwa ya cinye lokacin da aka datse kogin Kwara aka yi tafkin Kainji, kuma kowane gari yana da ɗalibin da ke riƙe da shi. Da aka zo kan Tungar Kaiwa, sai Rifkatu 'yar aji shida ta fito, ta ɗaga wani jan tsingaro, alamar riƙon garin, ta ce ita ta gama makaranta, wa zai karɓa? Ni na ɗaga hannu.

Kada a ce son tarihi ne ya ɗaga mini hannun. Makarantarmu ta kuɗi ce, duk da cewa kwanonta na yoyo, kuma doka ce kowace Laraba bayan azahar kowa ya shiga wata ƙungiya. Na fara da ƙungiyar manoma, na ga ban-ruwan albasa ne da yankan ciyawar zomaye, aikin da na baro a gida, na gudu. Na koma ta muhawara, aka sallame ni saboda in an kayar da ni sai in bi abokin gardamar har bakin ƙofa ina ci gaba. 'Yan wasan kwaikwayo kuwa suka dube ni sama da ƙasa suka ce in fito a tsohuwa mai masifa. Saura ƙungiyar Malam Bawa, wadda muke kira 'Yan Tsingaro, kuma ina ganin babu wuya: a kira, ka amsa, shi ke nan.

Ashe da sauran rina a kaba. Malam Bawa tsohon malamin gwamnati ne, a wani gungu aka haife shi, tsibirin da yanzu jiragen ruwa ke wucewa ta kansa. Ƙa'idarsa ita ce duk wanda ya karɓi gari sai ya nemo mai rai da aka haifa a can, ya zauna gabansa ya koya da baki. Ba a rubutawa. Yakan ce, "Takarda gara ke ci, amma abin da ke cikin mutum sai mutum ya tafi." Ba ruwansa da ko kai ɗan masunta ne, ko ɗan Kambarin kan tudu kamar Rifkatu, ko ɗan Fulani, garin da ya faɗo maka shi ne naka. Rifkatu ce ta kai ni wurin Kaka Ige, wadda ta ce ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka yi wayo a Tungar Kaiwa.

Kaka Ige tana zaune a ɗaya daga cikin gidajen simintin nan da gwamnati ta gina wa mutanen da aka taso. Shekara da shekaru tana ciki amma ba ta taɓa kiransa gida ba, sai dai ta ce "tandan ga", saboda zafinsa. Duk Asabar, bayan na yi shara na ɗebo ruwa na wanke kwanukan Inna, sai in sulale in bar ƙawayena suna carafke, in tafi wurinta. Muna juya warangi a kan tabarma, ƙananan kifin nan da ake shanyawa, tana ba ni garin gida-gida. Wane ne mai saƙar komar kamun kifi, wace ce ta fi kowa kunu, ina ake ɗaure jirage, yadda ake shuka albasa a bakin ruwa har a ji warinta daga tsakiyar kogi. In na yi kuskure sai ta buge mini hannu da mafici ta ce, "Ke, kin ɗauke gidan Mamman kin kai mashaya! Maida shi inda kinka iske shi." Ina jin haushi, amma ina komawa, har ya zama in na rufe ido ina iya bin lungunan garin da ban taɓa gani ba.

Sai da muka yi wata da watanni kafin ta ba ni Hajo. Ranar ba ta dube ni ba, hannunta na cikin kifi ta ce ɗiyarta ta fari ce, ta fara tafiya ke nan ƙyanda ta ɗauke ta, aka rufe ta a gindin kaiwar da garin ya ci sunanta, itacen da wasu ke kira kanya. Ba a yi shekara ba aka zo da manyan jirage aka kwashe su. "Munka ɗauki turmi, munka ɗauki kaji, munka baro ta. Ubanta ya mutu, waɗanda sunka san ta duk sun tahi. In anka kira garin, ki hwaɗi sunanta, ɗiyata." Tun daga ranar na daina ɗaukar abin wasa. Duk Laraba in na ce "Ina nan", sai in ƙara da sunan Hajo, kuma Malam Bawa bai taɓa tambayata dalili ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Wani lokaci ina cikin ɗiban ruwa sai in ji kamar wata 'yar yarinya tana tsaye bayana tana jira in gama.

Abin da baƙo ba ya ganewa game da tafkinmu shi ne, lokacin da damina ta kankama shi ne ruwan ya fi ja da baya. A irin wannan lokacin Malam Bawa yake kai 'Yan Tsingaro bakin ruwa, a ƙafa, ta cikin gonakin shinkafa. Shekarar da nake aji shida muka je muka tarar ruwan ya janye sosai, kututturan itatuwa sun fito baƙi ƙirin kamar mutanen da suka tsaya cikin ruwa iya wuya. Ya riƙa nuni da sandarsa yana gaya wa kowa inda nasa garin yake. Nawa yana can nesa, babu abin da ake gani sai ruwa da wani tsuntsu a kan kututture. Yaran da suka zo suna dariya suka daina da kansu. Na kira sunan Hajo a hankali, iska ta tafi da shi, muka juyo gida.

Bayan wannan tafiyar da 'yan makonni ɓarin jikin Malam Bawa ya shanye, bakinsa ya karkace. Ɗansa ya dawo daga birni ya karɓi makarantar. Ba mugu ba ne, har kwanon ya gyara. Amma ya ce iyaye don jarrabawa suke kawo 'ya'yansu, saboda haka yammacin Laraba ya koma na ƙarin darasi. Wasu iyayen ma murna suka yi, suka ce dama kiran matattun garuruwa yana sa yara firgita. Larabar ƙarshe ta zo, aka raba mana sakamako, aka ce kowa ya tafi gida. Na tsaya a filin da tsingarona a hannu, raina a ɓace. Na bi 'yan aji biyar ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce innarta ta hana ta taɓa kayan matattu, wani ya ce in babu kyauta shi ba ya so. Na zazzage su tas, amma faɗa bai sa kowa ya miƙo hannu ba.

Asabar na je wurin Kaka Ige. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Wa kinka ba?" Na ce, "Kaka, ba kowa. An rufe ƙungiyar." Na ɗauka za ta yi kuka ko ta yi faɗa. Sai ta ci gaba da juya kifinta, can ta ce, "To, ke ta Tungar Kaiwa ke nan." Ina sakandare a Yelwa labarin rasuwarta ya same ni.

Yanzu ina aikin jinya, 'ya'yana ma makarantar kuɗi suke, mai fenti da motar ɗaukar yara. Suna da ƙungiyar kwamfuta da ta lissafi, suna dawowa da kofuna, ina kuma yi musu murna da gaske. Na gwada ba babbar 'yata garin, ta saurare ni cikin ladabi, sannan ta ce, "Inna, a wace jarrabawa yake fitowa?" Ban ga laifinta ba. Amma ina kewar zamanin da za a ɗora wa 'yar shekara goma sha ɗaya gari guda da mutanensa, a yarda za ta iya ɗauka. Kwanan baya ina cikin tankaɗe na so in tuna ranar da kasuwar Tungar Kaiwa ke ci, Talata ce ko Asabar, abin ya ƙi zuwa. Na ajiye rariyar na zauna. Duk faɗin duniyar nan ba ni da wanda zan tambaya.