Ban Taɓa Barin Ɗana Ya Kai Ƙarshen Sura Ba

Ni mutumin Damagaram ne, kuma da ƙuruciyata tafinta nake yi wa 'yan kasuwar fatu. Aikin ya kai ni Hartum da Alƙahira da Istanbul, daga baya ya zaunar da ni shekara huɗu a wani gari na Jamus. Ina jin Faransanci da Larabci da Jamusanci, kuma a lokacin gani nake wanda ya zaga duniya irina ba ya bukatar a koya masa tarbiyyar ɗa. Yau na haura saba'in, ina zaune a Ƙuba a Madina. Na rubuto muku ne don abin da ke cin raina ba ni da wanda zan faɗa wa a gida.

A Jamus na kama hayar ɗaki a gidan wata tsohuwa mai koya wa yara gogen Turawa, bango ɗaya ne tsakanina da ɗakin darasinta. Masu gogenmu da ka suke yi, duk inda ransu ya ja su nan suke bi. Nata kiɗan a rubuce yake a takarda, kowane sauti da gurbinsa. Kullum da fensir a hannunta. Da yaro ya kuskure sai ta ƙwanƙwasa fensirin a kan ƙarfen da ake ɗora takardar, yaron ya koma baya, ya yi ta maimaita layi ɗaya har ni da ke bayan bango in haddace. Sai dai na sha leƙawa na ga in darasi ya zo ƙarshe takan jefa fensirin a aljihu, ta zauna bakin taga ta lumshe ido, ta bar yaron ya kaɗa tun daga farko har ƙarshe, da kurakuransa da komai. Ni kuwa na ɗauka gajiyar tsufa ce. Wata rana ta ba ni tikiti na je babban zauren garin, na ga wata ɗalibarta ta tsaya gaban jama'a ta yi kiɗa kusan rabin sa'a babu takarda, zaure ya yi tsit. Na fito da hawaye, na ce a raina ƙwarewa duk daga fensirin nan take fitowa.

Da na gaji da yawo na samu aiki wurin wani mai fataucin dabino a Madina, na yi aure, Allah Ya ba ni ɗa namiji guda ɗaya bayan na fara furfura. Yaron yana da murya. Yana shekara bakwai malamin halƙarsu, wato da'irar hadda ta masallacin unguwa, ya tare ni ya ce in kula da shi, irinsa ba su da yawa. Ranar na sayi fensir. Kullum bayan la'asar sai in zaunar da shi ya yi mini tilawa, da ya gajarta madda ko ya yi jinkirin numfashi sai in ƙwanƙwasa tebur, ya koma farkon aya. Daga baya na ce farkon shafi. Na faɗaɗa abin har kan karatun makaranta: in ya kawo casa'in da takwas, biyun da suka ɓace nake tambaya. Uwarsa ta sha yi mini magana. Ta ce Malam, ko limamin Harami ne ya shigo gidan nan sai ka mayar da shi farkon Baƙara. Na ce mata ita daga Kano sai Madina ta sani, ni na ga yadda ake gina gwani.

Ban tsaya nan ba. In ya yi mini Hausa sai in gyara masa, don Hausar 'ya'yan Madina ce, rabi Larabci. Sai ya daina, ya koma amsa mini da Larabci. Na ce wannan Larabcin kasuwa ne, ba na littafi ba. Daga nan maganarsa da ni ta koma kalma ɗaya, halir, wato to. Da uwarsa kuwa ina jiyo su a kicin suna dariya da harsuna biyu, ina shiga sai a yi shiru.

Yana shekara goma sha huɗu aka zaɓe shi ya buɗe taron rufe halƙa da karatu. Na zauna a sahun gaba, fensirin yana aljihuna, ban ma san lokacin da ya dawo hannuna ba. Ya fara Suratu Maryam, har na ga dattawa suna sunkuyar da kai. A aya ta biyar ko ta shida ya ɗan ja numfashi inda ni ba nan nake so ba. Ba kuskure ba ne, malaminsa bai ko motsa ba. Hannuna ne ya ƙwanƙwasa hannun kujera, sau ɗaya, a hankali. Ba wanda ya ji sai shi. Ya tsaya, ya koma farko. Ya zo wurin ya sake tsayawa, ya dube ni, ya koma farko. Karo na uku bakinsa yana motsi amma babu murya. Malamin ya tashi ya dafa kafaɗarsa ya sauko da shi. A mota na ce masa ya kunyata ni. Ya ce halir.

Bai sake komawa halƙa ba. Makaranta ma ja ya riƙa yi da ƙyar, ya gama sakandare ya ce ya isa. Yanzu shekara tara ke nan yana kula da ma'aikata a wata gonar dabino a Khaibar. Yana kiran uwarsa kowace Juma'a, a ƙarshe ya ce ta gaishe da Abba.

Bara lokacin yankan dabino na shiga mota na tafi ban sanar da shi ba. Na isa ana sallar magariba a wata rumfa a bakin gonar. Tun daga nesa na gane muryar, ta yi kauri amma ita ce, shi ke limanci. Na kasa shiga, na tsaya bayan katanga. A tsakiyar sura ya sarƙe, wani daga sahu ya tuna masa kalmar, ya karɓa ya wuce gaba har ya kai ƙarshe. A nan na lissafa, ban taɓa jin ɗana ya kai ƙarshen sura ba sai ranar, kuma don bai san ina wurin ba ne. A nan kuma maganar tsohuwar nan ta Jamus ta dawo mini. Na taɓa tambayarta me ya sa take barin kurakurai su wuce a ƙarshen darasi. Ta yi dariya ta ce ni tafinta ne amma ba na saurare. Ta ce a gaban jama'a ba a komawa baya, dole yaro ya koyi yin tuntuɓe ya ci gaba, kuma in ba ta saurare shi sau ɗaya don jin daɗi ba, wata rana zai daina yi mata kiɗa. Na fahimci kowace kalma da Jamusanci, na bar maganar can na taho da fensir.

Da aka sallame ya gan ni. Ya sumbaci kaina, ya kawo gahawa da ɗanyen dabino, ya tambayi lafiyar gwiwata. Na so in ce masa na ji karatunsa, kuma ya yi daɗi. Harsuna huɗu nake da su, ban samu wanda zan faɗa da shi ba. Da lokacin isha ya yi, ma'aikatan suka ba shi hanya ya shige gaba kamar yadda suka saba. Ya dubi inda nake, ya kama hannun wani Basudane ya tura shi gaba, shi ya tsaya a ƙarshen sahu.

Ban ce kada a gyara wa yaro ba, balle a karatun Alƙur'ani. Malaminsa ma yana gyara masa, amma don ya wuce gaba yake gyarawa, ni kuwa don ya koma baya. Ku iyaye masu zama da 'ya'yanku kan allo ko littafin makaranta, ku ware lokacin da za ku ajiye abin da ke hannunku, ku bar yaro ya kai ƙarshe, ku ce masa madalla kafin ku ce komai. Ni na makara. Na roƙi uwarsa ta sa ya turo mata karatunsa a waya, in saurara daga ɗaki. Ta ce ya turo mata, ba ta ambace ni ba. Sai ya tambaye ta ko Abba zai ji.