Shukar da Aka Kira Gadali

Shekarar da sojoji suka koma bariki muna zaune a wani gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗi, ciki da falo, tsakar gida ɗaya da sauran 'yan haya. Ina koyarwa a wata firamare a Tarauni, kuma tun ina yarinya nake da jarabar shuke-shuke. A hanyar makaranta akwai wani dattijo mai sayar da furanni a bakin titi. Wurinsa na ga wani farin fure mai baki kamar na kakaki, ya ce sunansa lili. An riga an saye shi, sai ya ƙulla mini irin a leda, baƙaƙe marasa nauyi kamar ɓawon albasa.

"Sai kin yi haƙuri fa, 'yata," in ji shi. "Wannan ba alayyafo ba ne. Sai ya shekara biyu bai nuna miki fure ba."

Na cika wani hujajjen bokiti da ƙasa da taki, na shuka, na ajiye a ƙofar ɗakina. Da kyar suka tsiro, sirara, daga baya ganyen ya yi faɗi ya yi tsawo. Mahaifiyata ba ta zubar da ruwan wankin nama a rariya, gindin zogalenta take kai shi, ta ce yana ƙara wa shuka ƙarfi. Haka na tashi na gani, haka na riƙa yi wa bokitina, a gaban kowa, ko a jikina.

Na manta da gadali. Tsiro ne mai dogon ganye da ake cewa bokaye na kiwonsa, wai jini yake sha, in mai shi ya hana shi sai ya nemi na mutane. A shekarar nan kuwa babu hirar da ta kai ta asiri kasuwa. An gama zaɓe, ana rabon muƙamai, kowa da labarin wanda ya binne rago da rai ko ya kwana gidan boka. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, kuma a watan aka ƙara masa girma.

Maƙwabciyata matar wani direba ce, tana da 'ya mai shekara uku da ke wuni a ɗakina in na taso daga aiki. Zazzaɓi ya kama yarinyar, ta riƙa firgita tana miƙa hannu tana kuka. Na shiga dubiya da lemo, uwar ta tare ƙofa, ta ce barci take yi. Ina jin kukanta daga ciki.

Da la'asar Hajiya mai gidan ta aiko a kira ni. Ba ta amsa gaisuwata sosai ba.

"Malama, mece ce wannan abar da kike ba jini a ƙofar ɗakinki?"

"Jini kuma, Hajiya? Fure ne. Ruwan wankin nama nake zuba masa."

"Fure? To ina furen?"

Ganye ne kawai a bokitin, wata da watanni. Ni mai saurin fushi ce, a wata rana da sai an ji mu a bakin titi, amma ban da ranar nan. Na taɓa ganin wata tsohuwa a Tarauni yara na bin ta da jifa suna ihun mayya, manya na tsaye suna kallo. Na kuma san abin da ake sa wadda aka zarga: ta tuɓe ta tsallake mara lafiya a gaban jama'a, wai ta saki kurwarsa. Tsoro ya cika ni.

"Ni dai ban ce komai ba tukuna," in ji Hajiya. "Amma bakin mata ba a hannuna yake ba. Ki san yadda za ki yi."

A tsakar gida na kifar da bokitin, matan na leƙe ta labule. Ƙasan kowane ganye ya fara yin ɗan kai fari. Na tattara na kai bola, na dawo na wanke wurin. A yammacin ne kuma direban ya dawo daga tafiya, ya ɗauki 'yarsa sai asibiti.

Na roƙi Allah ya tashi kafaɗar yarinyar, da zuciya ɗaya na roƙa, domin ina sonta. Amma ina shafa addu'a ina lissafin abin da za a ce in ta warke yanzu, bayan na tumɓuke shukar. In kuma ba ta warke ba, wannan ko tunaninsa ban iya yi ba.

Ta warke garau, an ce zazzaɓin sauro ne. Babu wanda ya ƙara ce mini uffan. Matan gidan suka shiga gaishe ni da ladabin da ban saba gani ba, suka daina aron turmina.

Ranar da yarinyar ta fara fitowa wasa, na shigo daga makaranta ta hango ni. Ta taho da gudu tana dariya, hannuwa a buɗe, ni ma na durƙusa na buɗe nawa. Kafin ta iso uwar ta saki wankin da take yi, ta sure ta da hannun kumfa, tana a'uziyya, ta shige ɗaki ta ja ƙofa.